Hedimasta Ya Hori Kwamfuta

Wani hedimasta ne a wata makarantar kuɗi a Gusau, ba sai na kama suna ba, irin mutanen nan da in suna tafe ake jin ƙarar tsumagiyarsu kafin a ji sallamarsu. Shekara talatin yana koyarwa, kuma a duk tsawon shekarun nan maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta. Ana jibi za a ba da hutu, kwamfutar ofishinsa ta cije. In an kunna ta sai ta nuno tambarinta, 'yan ɗigo-ɗigon nan su yi ta zagaye, daga nan ta sandare, ba gaba ba baya. A cikinta kuwa sakamakon jarrabawar yara ɗari uku da ɗoriya yake, babu kwafi a ko'ina, don shi da bakinsa ya sa aka ƙone takardun malamai, wai makarantarsa ta wuce zamanin takarda. Ga Hajiya mai makarantar ta riga ta gaya masa a gaban mutane, in iyaye suka zo ran Alhamis ba sakamako, ya bar mata makullin ofis a kan tebur. Mutumin naku ya ba kwamfuta minti biyar ta gyara halinta. Da ta ƙi, ya kai mata mari a gefe. Ya kashe, ya kunna, ta sake tsayawa a gurbin ɗazu, sai ya naɗe hannun riga. Masinjan makarantar ya ce shi daga waje ya ɗauka wani ɗan aji shida ne ya shiga uku.

Kwana biyu ana wannan tarbiyya. Ran Laraba da la'asar, da dai ya ga abin ya fi ƙarfin hannu, ya ɗora ta a bayan babur ya kai shagon Hafizu mai gyaran kwamfuta, wanda tsohon ɗalibinsa ne tun aji huɗu. Ina zaune a shagon ina jiran tawa. Hafizu ya miƙe ya rusuna ya gaishe shi, ya ba shi kujera, sannan ya juya akwatin kwamfutar yana kallon inda ya lotsa.

"Malam, faɗuwa ta yi?"

"Ba ta faɗi ba. Taurin kai ne da ita, na ɗan taɓa ta."

Hafizu ya leƙa bayanta, ya zaro wata tsohuwar filas, 'yar ma'ajiyar bayanan nan ta kwamfuta, da aka manta a soke, ya jona wuta ya kunna. Maimakon tambari sai muka ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga cikinta, kamar ɓera a cikin kwalla. Ya kara kunne ya daɗe, sannan ya kashe.

"Malam, asalin ciwon wannan filas ɗin ce, ta lalace, ita ke riƙe ta. Da cire ta kawai aka yi, da tuni ta tashi. Amma yanzu faifan da ke ajiye komai ya tafi. Ba ya son jijjiga in yana aiki, balle duka."

"Sakamakon fa?"

"Sai dai malamai su sake zama, in akwai mai tuna abin da ya ba kowa."

Na ga gumi ya keto wa hedimasta ta ƙarƙashin hula, har ya ɗan ba ni tausayi. Amma irinsu ba sa faɗuwa shiru. Ya miƙe yana nuna Hafizu da makullin babur.

"Kai dai ka ce ba ka iya ba. Duka bai taɓa ɓata komai ba. Yaro nawa na buɗe wa kai da shi a garin nan? Kai kanka da ka zo hannuna me ka sani? Ba da shi na koya maka lissafi ba?"

Hafizu ya sake rusunawa, cikin ladabi ƙwarai.

"Da shi ne, Malam, Allah ya saka. Shi ya sa har gobe in aka ce min bakwai sau takwas, daidai inda kwamfutar nan ta tsaya nake tsayawa."