Ranar da na yi wa kifin Malam Isufu tiyata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a falonmu na Abu Hail ba, ranar da na sa safar hannu na yi wa kifi tiyata. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aikin jinya nake yi a wani asibiti a nan Dubai, kuma (gara in faɗa da bakina) ina da ciwon ganin kowa ba shi da lafiya. Wanda muke gida ɗaya, Malam Isufu, mutumin Maraɗi ne, yana harkar kago, wato jigilar kaya, a Port Saeed. Ya girme ni, ba shi da hayaniya, kifayensa ne kaɗai ke sa shi surutu. Wasu 'yan jajaye ne masu faɗin baki, tsawonsu kamar yatsa, wai su beta, daga ƙoramun dajin Borneo aka kamo su. Busasshen ganye yake zuba musu har ruwan ya koma kalar shayi, kuma ba a kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda su. Shekara uku yana neman su hayayyafa, abin ya ƙi.

Da zai tafi gida sunan ɗan ƙaninsa, ya tsaya da jaka a hannu ya yi mini dogon bayani a kan akwatin gilashin da ke lungu, wanda ya lulluɓe da tawul. Ni kuwa ƙwallo nake kallo. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne kar in ɗaga tawul. Na ce, "Khalas, shi ke nan, Malam Isufu, mutane ma muke kula da su, bare kifi."

Kwana tara na daure, a na goma na ɗaga. Namijin ne shi kaɗai, ya laɓe cikin wata 'yar tukunya, ƙasan haɓarsa ya kumbura kamar mai hangum. Na jefa masa abinci, ya kalla ya juya baya. Washegari ma haka, sai dai yana ta motsa baki kamar mai tauna. Nan take na gano cutar (ni fa, gwani): tsakuwa ya haɗiya ta maƙale masa a wuya. Har tausayin Malam Isufu na ji, na ce ka ga abin da rashin ilimin lafiya ke jawowa.

Na wanke hannu, na ɗebo ruwan akwatin a roba, na kamo kifin da ƙyar. Da ma shiru na yi aikina da sauƙi, amma ina. Sai da na jingina waya da kofi na kira shi ta bidiyo, don ya ga ceton rai da idonsa. Ya ɗauka yana tsakar gida cike da 'yan uwa, wasu har sun leƙo suna gaishe ni. Na ga bakinsa na motsi da sauri, amma muryar na yankewa, na ɗauka godiya yake yi. Na sa tsinken sakace na buɗe bakin kifin a hankali.

Ba tsakuwa ce ta fito ba. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne suka zubo cikin robar, kowanne kamar ƙwayar gero mai ido biyu, suna ta wutsil-wutsil. Na yi salati. Sannan na kalli wayar na ce da ƙarfi, a gaban mutanen Maraɗi kaf, "Malam Isufu, wannan mugun 'ya'yansa ya cinye. Allah ya sa na zo da wuri."

Can ya ce, "Likita, mi ka yi? Ba cinye su ya yi ba, goyo ne. Sau biyu na hwaɗa maka."

Ashe irin wannan kifin, mace na saka ƙwai namiji ke kwashewa ya riƙe a baki, ba ci ba komai, har sati biyu zuwa uku, sai 'ya'yan sun iya iyo ya sake su. Ko inuwar mutum ya gani yana iya firgita ya haɗiye su, kuma sau uku yana yi wa Malam Isufu haka. Wannan ne karon farko da ya riƙe, shi ya sa aka lulluɓe shi. Na ji wata tsohuwa a bayansa tana tambayar wa ya rasu. Da aka yi mata bayani ta ce ko jikarta ta san ba a ɗaga kaza daga kwanci.

A ruɗe na fara ƙoƙarin mayar da su bakin uban (wannan ma na yi, a gabansu). Malam Isufu ya ce, "Attends, dakata, don Allah bar shi haka nan." Ya sa na zuba su a rariyar shayi, na rataye ta cikin akwatin kusa da inda iska ke ɓulɓulowa.

Ashirin da uku na ƙirga. Kowace safiya kafin in tafi aiki sai na sa cokali na tsame waɗanda suka mutu suka yi fari, kuma wallahi abin ya dame ni fiye da yadda na zata. Ranar da ya dawo biyar suka rage.

Bai yi mini faɗa ba, na so a ce ya yi. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon biyar ɗin, sannan ya miƙo mini tsarabar kilishi ya ce, "Sannu da aiki, ungozoma." Kafin Juma'a sunan ya riga ni isa masallaci.

Yanzu in mutum ya tsaya yi mini bayani da jaka a hannu, kashe ƙwallon nake yi. Biyar ɗin nan sun girma, ɗaya ma haɓarsa ta kumbura a makon jiya. Malam Isufu ya lulluɓe akwatin, sannan ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa ya sa makulli.