Rasuwar Ordinata Mai Ɗiyanci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushin kaina a gefe, ni Mufida Na-Allah ta Malanville nike sanar da rasuwar ordinatata, wato kwamfutata. Ta cika ran Laraba bayan la'asar, a kan babur, tsakanin Guéné da gida.

Marigayiya mai haƙuri ce. Na sa mata manhajar Ubuntu na cire, na sa Debian na cire, na gwada FreeBSD har na rasa inda zan danna. Ba ta taɓa cewa uffan ba, sai "hurrr" na fankarta. Tare muka rubuta littafin kammala jami'ata, kan bambancin lasisi. GPL ya ce in ka gyara manhaja ka raba, to ka raba har da gyaranka. BSD ya ce ɗauki ka tafi, ka dai ambaci mai ita.

Ciwon ajali ya kama ta ranar da Gwaggo Ummul-Khairi ta tambayi abin da nike ta latsawa. Na ce tsari ne mai ɗiyanci, kowa na da izinin amfani da shi. Manhaja nike nufi. Gwaggo ta fahimci waƙafi, irin butar masallaci, ta kuwa sanar da dangi kaf. Ni da na cika babi guda kan haƙƙin mallaka, kunya ta hana ni cewa "tawa ce".

Daga nan marigayiya ta je Garou ta yi kiɗan suna, ta ƙetare gada kallon ƙwallo, ta dawo tana warin albasa. Dangi duk 'yan BSD ne. Suna ɗauka, suna ambaton sunana, ba mai maido ta da gyara. A ƙarshe ta suɓuce daga hammatar kawuna Arziki, ta ce "tiit", ta yi shiru.

Ta bar linzamin dannawa guda, da sharjar caji mai ɗaurin roba, da ni.

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi a rumfar Hambali mai gyara, cikin kasuwa, in an sami abin binnewa, don an raba gado tun kafin wanka. Baturi yana garin Toumboutou. Diski kuwa, ma'ajin bayananta, ba a san wanda ya gaje shi ba, kuma a cikinsa kaɗai littafina yake, ga malamai na jira na in kare shi wata mai kamawa.

Ina roƙon magajin, don Allah, ya riƙe diskin, na yafe. Littafin kawai zai kwafo mini. Kada ya ji tsoro, lasisi ya halatta kwafi.