Dutsen da Na Fitar a Gidan Makoki

Ko da zan manta komai na zamana a ƙasar nan, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je gaisuwar rasuwar Baba Danjuma a garin Wheaton na jihar Maryland ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Danjuma ne ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara sauka, ina ɗaliba da akwati ɗaya, kuma a gidansa na zauna har na samu ɗaki. Matarsa Anti Rifkatu, wadda nas ce, ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa na Metro da zaɓen rigar sanyi. Da ya rasu, sai magana ta taso. Anti tana so a binne shi a nan Maryland inda 'ya'yansu suka tashi, danginsa kuma suna so a kai shi gida. Yayansa Baba Bitrus ya taso takanas daga Jos saboda wannan zance. Anti ta kira ni ta ce in zo in zauna kusa da ita kawai, ba sai na ce komai ba. (Ku riƙe wannan, don Allah.)

Ni ilimin duwatsu na karanta, ina aiki a wani ofis a Northwest Washington. Muna nazarin yadda za a kama iskar kabon da masana'antu ke fitarwa, wadda ke ɗumama duniya, a matse ta, a tura ta ta bututu cikin duwatsun da ke can ƙarƙashin teku. A ofishinmu, duk wanda ya tambaye ka aikinka, to ka buɗe baki ka yi bayani nan take, in ba haka ba a ɗauka ba ka san abin da kake yi ba. Na sha wahala kafin na koyi wannan hali, har ya zame mini jiki. Ranar kuwa daga wani taro na fito, inda na yi jawabi aka tafa mini, kaina ya kumbura.

Na tarar da takalma jibge a bakin ƙofa, falo cike. Mata sun ɗaura ɗankwali, kulolin abinci a kan tebur ba wanda ya taɓa, Fasto yana riƙe da littafin waƙoƙi. Na durƙusa gaban Baba Bitrus.

"Sannu, 'yata. Ya haƙuri? Ya aiki?"

Kowane yaro a gida ya san amsar wannan: da godiya. Gaisuwa ce, ba tambaya ba. Tsohon har ya fara juya fuska wajen wanda ke bayana. Ni kuwa sai na gyara zama na ce ai aikin nan, Baba, yana da ban sha'awa.

Daga nan bakina ya ƙwace mini. Na yi bayanin hayaƙi, na yi na bututu, na yi na tsofaffin rijiyoyin mai da suka ƙafe a cikin teku. Na ce akwai dutsen da ke da ƙananan ramuka kamar soso, shi ke shanye iskar, a samansa kuma akwai wani mai tauri da ke rufe shi kamar murfin tukunya. Ban tsaya nan ba. Na zuge jakata na fito da guntun dutsen da nake nuna wa mutane a taro, na ɗiga masa shayin da aka ajiye wa tsohon, na ɗaga shi sama don kowa ya ga yadda ya shanye. Wata mata ta ja bakin zanina. (Na ɗauka so take ta gani, sai na miƙa mata dutsen.) Fasto ya yi gyaran murya, na ce masa yanzu zan zo kan tambayoyi.

Sai na kawo jimlar da nake rufe jawabi da ita, wadda ɗazu aka tafa mini a kanta. Na ce tunda daga ƙasa aka haƙo man da kwal ɗin, abin da ya dace shi ne a mayar da abu inda ya fito.

Baba Bitrus ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi Anti.

"Rifkatu, kin ji ko? Ko masu boko sun san haka. Inda abu ya fito, can ake mayar da shi."

A nan ne na farka. Na dubi falon, ba mai motsi. Na dubi Anti, matar da ta saya mini safar hannu ta farko a rayuwata, wadda ta roƙe ni abu ɗaya tak, ga shi na ɗauki makami na miƙa wa wanda ya zo raba ta da kabarin mijinta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini kamar na lokacin ba. Gumi ya jiƙa mini baya, ga sanyi ana yi a waje.

 Can Anti ta juyo ta tambaye ni, idan mun tura iskar ƙasa, shi ke nan sai mu yi tafiyarmu? Da wata 'yar murya wadda ni kaina da ƙyar na ji, na ce a'a, ana komawa ana duba wurin shekara da shekaru, ba a barin sa haka.

"To, Yaya, ka ji sauran maganar," in ji ta. "Ni ma abin da nake roƙo ke nan. Ku bar mini shi inda ni da yaran nan za mu riƙa zuwa muna duba shi."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda aka ce ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Fasto ya tada waƙa, mata suka amsa.  Dutsen ya zagaya ya iso hannun Baba Bitrus, yana ta juya shi har aka gama addu'a. Ban karɓa ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar inda yake ba.

An ci gaba da zama a kan maganar bayan na sulale na tafi, kuma a ƙarshe a Maryland aka binne shi. Ba na ɗaukar ko ƙwayar yabo a kai. Anti ce ta tsamo kanta daga ramin da na jefa ta, tana cikin makoki.

Abin da na koya shi ne, ba kowace tambaya ke neman amsa ba, kuma digirina bai kai darajar kalmomi biyun da uwata ta koya mini tun ina ƙarama ba. Kwanan baya na raka Anti maƙabarta, muka cire ciyawa, ta sa furanni. Muna komawa mota ta dube ni ta gefen ido ta ce, ya aiki?

Na ce, "Da godiya, Anti."

Ta tada mota ta ce, "Kin gani? Ba wuya."