Rawar Da Aka Yi Wa Malam Nasidi

Duk wanda ya zauna a Maiduguri a 1959 bai san Malam Nasidi na Mafoni ba, to, asarar zama ya yi. Mutum ne da Allah ya ba sanin komai, har da abin da ba a riga an ƙirƙiro ba. Akawu na biyu ne a wani ofishin gwamnati, amma in ya hau kekensa, alƙalami uku a aljihu, biyu babu tawada, sai ka rantse shi ya auna garin da igiya. Sau ɗaya ya je Kaduna, ya kwana huɗu, tun daga nan kowace magana tasa da "mu a Kaduna" take farawa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar babban akawu. Mai ita ya yi ritaya, Baturen ofishin kuma, wanda ake kira Mai Lofe, zai zaɓi magaji tsakanin Nasidi da Malam Pindar, wani mutumin Biu mai shiru-shiru wanda laifinsa kawai yana yin aikinsa.

Ana nan sai matar Mai Lofe ta zo daga Ingila, ta ce tana son ganin raye-rayen ƙasar. Nan take gwaninmu ya naɗa kansa Shugaban Kwamitin Gyaran Rawa. Kwamiti ne na mutum ɗaya, shi ya sa ba a taɓa jin saɓani a cikinsa ba. Abin da ke ƙona mini rai har yau, mutumin nan ko a bikinsa bai ɗaga ƙafa ba. Amma ya sayi usur, ya tara masu rawa a filin ƙwallo, ya hau tebur.

"Jama'a, rawa ilimi ce, ba tsalle-tsalle ba! Kakanninku sun yi ta babu tsari. Mu a Kaduna minti biyar ake ba kowace ƙabila. Usur ɗaya, a fara. Usur biyu, a juya. Usur uku, a ɓace."

Matan Barebari, masu taka ƙasa a hankali kamar ita ke roƙonsu, ya ce su ƙara wuta. Matan Shuwa masu kaɗa kitso ya ce su rage, kada gashi ya faɗa wa uwargida a shayi. Wani tsohon makaɗi ya ce masa ganga ba ta san minti ba. Ya ce za ta koya.

Sai aka zo kan matan kudancin Barno, waɗanda Mama Phoebe mai tuyar ƙosai ke jagoranta. Sun shirya rawar aure. Shugaba ya yatsina fuska.

"Ba wannan ba. Akwai wadda na hango bara a Bolori ina wucewa a keke. An ajiye kujera a tsakiya, mata na zagaya ta, ana guɗa. Ita nake so, ni kuma zan zauna a kujerar."

"Malam, ba a yi wa mai rai wannan," in ji Mama Phoebe. "Ta tsoho ce, in ya cika kwanansa ya bar jikoki. Rigarsa da hularsa ake ɗorawa a kujerar, ba shi ba."

"Camfi ke nan, uwata. Mu a Kaduna mun wuce wurin."

"To, Malam, akwai kuma abin da ake yi da hular..."

Ya busa usur sau uku. Mama Phoebe ta dubi ƙanwarta Susanna ta ce, "Kin dai ji. Shi ya roƙa." Malam Pindar ma ya same shi a ofis ya ce ya yi haƙuri ya bar rawar nan. Malam Nasidi, da yake mai kaifin basira ne, ya gano bakin zaren nan da nan: hassada ce.

Ranar Asabar bayan la'asar fili ya cika. Malam ya fito da riguna uku a cikin zafin nan, da hula mai tsayin turmi, ya hakimce a kujera daidai gaban Mai Lofe da uwargida. Kiɗa ya tashi, mata suka zagaye shi suna waƙa da harshensu, shi ko sai gyaɗa kai yake yana ɗaga wa jama'a hannu. Yabo ne kam, bai yi kuskure ba. Cewa suke ya ci rabonsa, ya tafi ya huta, kada ya dawo ya dami kowa. Tsofaffin Biu da ke gefe suka cire huluna.

Kafin ya ankara Susanna ta fizge hular ta kafa a kanta. Al'adar ke nan: wata takan sa hular mamaci ta kwaikwayi halinsa, don a rabu da shi da dariya. Wallahi yarinyar nan ta iya! Ta turo ciki, ta soke karare uku a ƙirji, ta duba agogon da babu, ta ɗaga ƙafa ta hau keken iska, ta kwantsama murya: "Mu a Kaduna!" Fili ya ruɗe. Matan Barebari, duk da nauyinsu, suna riƙe juna kada su faɗi. Malam ya yi ta busa usur uku-uku, makaɗa suka ga ya dace da kiɗan, suka bi shi.

Uwargida ta tambayi Malam Pindar ma'anar rawar. Shi kuma bai iya ƙarya ba. Ya ce ta sallamar dattijon da ya gama aikinsa ce, kuma Malam Nasidi da bakinsa ya nace a yi masa. Mai Lofe ya cire lofe, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙe ya yi jawabi da Hausarsa ta hanci.

"Ban san Malam Nasidi ya gaji haka ba. Mutum mai kunya, bai faɗa da baki ba, ya faɗa da rawa. Ba zan ɗora masa nauyin babban akawu ba. Malam Pindar zai ɗauka."

Aka tafa. Malam ma ya tafa, don ya ga Bature na kallonsa.

Labari ya riga keke isa Mafoni. Wata ta hango rawar daga nesa, ta ji ana ambaton sunansa, ta ruga ta ce Malam ya rasu. Da ya iso, ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, matarsa Rakiya na kuka a ciki. Da maƙwabta suka gan shi, kai babu hula, mutum biyu suka bar takalmansu a wurin.

Hular ba ta dawo ba, don a al'ada ta wadda ta yi kwaikwayo ce. Sunan da ya samu ranar ma bai bar shi ba: daga Mafoni har Gomari Marigayi ake ce masa. Yana nan akawu na biyu, kullum da safe sai ya bi ta gaban kaskon Mama Phoebe, kullum kuma sai ta russuna da ladabi ta gaishe shi.

"Sannu da zuwa, Malam. Yaya mutanen can? Su ma minti biyar ake ba su?"