Rasuwar Dattijo Kwalin Awo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, Ƙungiyar Mata Masu Ɗinkin Bargon Ƙyalle, tare da Goggo Mai Jaka wadda rashin ya fi taɓawa, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa lulluɓa da aikin hannunsu, rasuwar dattijonsu, Kwalin Awo. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a kan dogon teburin ɗakin ɗinki, a hannun masoyansa. Su ne kuma suka yi ajalinsa.

Ga wanda bai san marigayin ba, shi ɗan kwali ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce tafin hannu da ɗan ɗori ba. Shi ake ɗorawa a kan ƙyalle a zagaye da alli a yanka, don kowane yanki ya fito daidai da ɗan uwansa, in an zo haɗa bargo kusurwa ta sami kusurwa. Inna Babba, wadda ta kafa ƙungiyar, ita ta yanko shi daga jikin kwalin sabulu tun idonta na zura allura ba tare da ta kira kowa ba. Da ƙafa ta fara hana ta fita, sai ta damƙa shi amana ga Goggo. Shekarunsa babu wanda ya ƙirga, amma ya girmi 'yar autar Goggo, wadda yanzu haka ita ma tana goye da nata ɗan.

Marigayin mai haƙuri ne, marar son zuciya. Bai taɓa bambanta leshi mai tsada da tsohon zanen gado ba, kowa awo ɗaya yake yi masa. Bai san wuta ta ɗauke ba, bai taɓa neman mai ko makaniki ba, ba kamar keken ɗinkin nan da ke kusurwa ba, wadda sai an lallaɓa ta kamar jinjira. An yi fifita da shi ranar zafi. An kashe ƙuda da shi. An nuna mutum da shi a tsakiyar gardama, bai taɓa kai maganar waje ba, alhali babu sirrin gidan da bai ji ba a kan teburin nan. Goggo ta ce har yanzu kunnenta na jiyo muryarsa: ƙir, ƙir, ƙir, ƙir, in alli na bin gefensa, sai kuma ƙwas, in ta aje shi a tebur don mata su yi shiru a fara aiki.

Ciwon ajalinsa na tsufa ne. Gefunansa suka yi laushi, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe kamar kunnen tsohon littafi. Goggo ta san da haka, ta kuma san yadda ake bi da shi: a danne kusurwar da babban yatsa, a ɗan karkata allin. Ta sha faɗa wa mata cewa tsoho lallaɓawa yake so, ba gyara ba. Kullum aka tashi, a aljihun cikin jakarta yake kwana, a naɗe da hankici.

To sai ga babban aiki ya taso. 'Yar Inna Babba ta aiko cewa ƙarshen wata za ta zo da mota ta ɗauke uwarta ta koma wurinta, can inda sanyi ke shiga ƙashi, kuma kowa ya san tafiya ce ba ta dawowa ba. Ƙungiya ta ce ba za a sallami Inna hannu rabbana ba. Za a ɗinka mata bargo, kowace mace ta kawo ƙyalle daga suturar da Inna ta san ta da ita, tsakiyarsa kuma a sa shuɗiyar rigar marigayi mijinta, wadda Inna ta ciro daga ƙasan akwati ta miƙa wa Goggo. Riga ɗaya ce, babu ta biyu. An yanka rabin ƙyallayen lafiya lau, har an haɗa layuka, sai haƙori ya kwantar da Goggo. Kumatu ya kumbura, ido ɗaya ya rufe. Don kada aiki ya tsaya, ta aika da marigayin ɗakin ɗinki, da kashedin kada kowa ya yi masa komai.

Kowa sai da ta yi masa wani abu.

Nas ce ta fara, ita da ba ta iya ganin ciwo ta wuce. Ta duba kusurwar da ta lanƙwashe ta ce karaya ce, ta ciro filasta daga jakarta ta naɗe masa gefe ɗaya har ya yi ƙiba. Matar direba ta zo ta ce wannan ai ba magani ba ne, danshi ne ya shige shi, ta yayyafa masa ruwa ta ɗora dutsen guga. Filasta ta narke, dattijo ya gantsare kamar busasshen ganye. Sai Auta, sabuwar shiga, yarinya mai ladabi da tsabta har ta yi yawa, ta ga abin ya ba ta tausayi. Ta ɗauki almakashi ta rage gefen da ya ƙone. Ta ɗaga ta duba, ta ga ya fi ɗaya gefen gajarta, ta rage wancan. Ta sake dubawa. Haka ta bi shi gefe-gefe tana daidaitawa, har ya fito tas, kyakkyawa, sumul, ƙarami. Sannan don ta faranta wa Goggo rai, ta zauna da shi ta yanke sauran ƙyallayen kaf, har da shuɗiyar riga.

Da Goggo ta warke ta shigo, Auta ce ta tare ta da murmushi ta miƙa mata gawar a tafin hannu biyu. Waɗanda suke wurin sun shaida cewa Goggo ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki shuɗin yanki ɗaya ta kara da na farkon yanka, ta ga ya gaza da faɗin yatsa ta kowane gefe, ta nemi kujera ta zauna, ta tambaya ko akwai wadda za ta taimaka ta mayar mata da ciwon haƙorinta, ya fi sauƙi. Nas ta ce ita dai jinya ta yi. Matar direba ta ce lokacin da ya bar hannunta da sauran numfashinsa. Auta ta fashe da kuka, kuma abin takaicin, dole Goggon ce ta rarrashe ta, don babu wanda ya iya jin haushin yarinyar nan har ya gama.

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'ya da jikoki a gidaje da dama, domin ashe kowace mace ta taɓa kwafarsa a ɓoye don aikin gida. Da labari ya bazu, kowa ta zo da nata tana cewa shi ne magaji. Aka jera su a tebur. Babu biyu da suka zo ɗaya. Na Nas ya fi uban girma, don da alkalami mai kauri ta zana. Na matar direba daga kwafi aka kwafe shi, ya karkace kamar an zaune shi. Akwai wanda aka yanka daga kwalin takalmi, kusurwarsa biyar in an duba da kyau. Aka wuni ana musun gado, ba a ɗinka ko zare ɗaya ba. Ya kuma bar ƙawarsa alli, da ta rage guntuwa, da hankicin da yake kwana ciki, da bargon da rabinsa ya ƙi gaisawa da rabi.

Goggo ta juya maganar ta kowace fuska. Ƙyalle babba ana rage shi, ƙarami ba a ƙara masa, rigar kuma ta riga ta yanku. Ma'ana, aikin da aka yi daidai shi za a farke, a rage shi ya koma awon kuskure. Bargon zai gajarta, ƙila ƙafar Inna ta leƙo. Wannan ya fi komai ci mata rai. Ta ɗauki jaka ta tafi gidan Inna Babba ta zauna a bakin gado ta zayyana mata komai, tana jiran faɗa, don ko ba komai a samu wanda zai taya ta fushi. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce wa Goggo ta dube ta da kyau, ita ma ai ta motse ta kowane gefe, ƙaramin bargo zai ishe ta, su dai su yi sauri kafin a ƙara rage ta. Goggo ta dawo gida da haushinta cif, babu inda za ta sauke shi.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar da safe a ɗakin ɗinki. Za a shimfiɗa shi a tsakiyar tebur, a auna duk ƙyallayen da abin da ya rage na jikinsa, wannan ne aikinsa na ƙarshe, daga nan a rufe shi a gwangwanin maɓallai. Kowace mace ta zo da reza ta farke ɗinki, da tabaronta, da nata kwalin, wanda za a karɓa ba za a mayar ba. Auta ce za ta yi yanka, tunda an ga hannunta bai san tsoro ba, Goggo kuma za ta zauna kusa da gwiwar hannunta. Ba a buƙatar jawabi, ba a buƙatar shawara, musamman ta jinya. Masu zuwa gaisuwa su gaisa a tsaye, in sun iya zura allura su zauna. Zaman makoki zai ci gaba kullum har ranar da motar za ta tsaya a ƙofar Inna. Wadda kuka ya zo mata, don Allah ta juya fuskarta bango, domin jan ƙyallen nan na gefe launinsa na zuba in ya jiƙe, kuma babu lokacin wanki.