Rasuwar Hayate, Wanda Wanka Ya Yi Ajalinsa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Hirabayashi Genzo na unguwar bakin teku a Shimizu ta ƙasar Japan yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki da 'yan ƙungiyar masu harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba rasuwar jirginsa Hayate. Ya riga mu gidan gaskiya ana dab da shiga sabuwar shekara, bayan 'yar gajeruwar jinya da ba ta kai dahuwar shinkafa ba.

Marigayin ya zo duniya a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, kamar sauran danginsa. Daga wannan fiffike zuwa wancan bai fi tafin hannu da rabi ba, amma ya cinye wa mai shi bazara da kaka, ya kuma ƙara masa ƙarfin tabarau. Mai haƙuri ne, bai taɓa neman mai ba, bai taɓa harbin kowa ba. Ba shi da surutu. In an hura masa farfela yakan ce firrr, ya yi shiru, sauran rugugin injin kuwa Genzo ne ke yi masa da baki idan ya tabbatar ba kowa a gida.

Abin da za a fi tuna shi da shi, datti ne. Jiragen wancan zamani fentinsu ɓarewa yake yi, kuma duk wanda ya san aikin ya san tsufan nan ya fi haɗa jirgin wuya. Genzo ya shafa masa ruwan azurfa, ya barbaɗa jiƙaƙƙen gishiri, ya bi da kore, sannan ya kakkaɓe gishirin ƙwaya-ƙwaya har ƙarfe ya leƙo daidai inda takalmin matuƙi zai taka. Ya zana baƙin hayaƙi a bayan injin, ya ɗiga tabon mai a ƙarƙashin ciki inda ba mai leƙawa. Duk don tagar shagon tsoho Mochizuki ya yi wannan, inda kowace sabuwar shekara ƙungiya ke zaɓen aiki ɗaya ya zauna shekara guda yana kallon titi. Aikin Genzo bai taɓa shiga tagar nan ba.

Wanda ya mayar da ita kamar ɗakin kwanansa shi ne Okitsu, yaron da ya shigo ƙungiya bai san gaban hantsaki da bayansa ba, Genzo ya zaunar da shi ya koya masa. Mai makoki yana so a sani cewa ba ya hassadar kowa. Hanyar zuwa tashar jirgin ƙasa kawai ya canja, ya daina bi ta gaban shagon, don iskar ɗaya titin ta fi daɗi. Bana dai ya sa rai, har ya gwada yadda zai sunkuyar da kai ya ce sa'a ce kawai.

Ciwon ajali ya zo ranar babbar sharar ƙarshen shekara, wadda ba a barin ko ƙurar bayan firji ta tsallaka. Genzo ya fita sayo wainar shinkafa. Da ya dawo, sai matarsa Sumie ta tare shi a ƙofa, tsumma a kafaɗa, tsohon buroshin haƙori a hannu, fuska cike da fara'a.

"Baban Keiko, zo ka ga ɗan jirginka! Duk ya yi daƙan-daƙan, har da baƙin tukunya a gefe. Na sha wuya fa, kuma rabi ne kawai ya fita."

Da me ta wanke shi, har yau mai makoki bai sami ƙarfin halin tambaya ba. Koren ya zagwanye ya gangara, azurfar ta yi dabbare-dabbare. Genzo ya ɗauke shi, sai ya suɓuce masa ya faɗi, fiffike ɗaya ya karye. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙas. Ba a ɗora wa kowa laifi, ko da yake shekara arba'in na aure sun isa mutum ya gane dattin da aka sha wahala kansa.

Ya rasu ya bar matuƙinsa, wanda aka tsinta ƙarƙashin tebur ko ƙwarzane babu, da ƙannensa uku da ba su fito daga kwali ba, da rabin kwalbar koren fenti. Akwai taya ɗaya da har yanzu ake cigiya.

Cikin waɗanda suka fara zuwa gaisuwa har da Okitsu, da kwandon lemo. Ya durƙusa, ya sunkuya, ya kira shi da sunan girmamawa da ƙarami ke kiran na gaba da shi, ya ce, "Senpai, sannu da rashi." Sai ya sa yatsa ya juya gawar, idonsa ya buɗe.

"Kai! Senpai, yaya ka fitar da wannan kalar? Ai kamar ya shekara a daji ruwa na dukansa!"

"Uwar Keiko ce. Da buroshin haƙori."

"Wayyo, da na sani da tuni na kawo mata nawa. Senpai, kada ka ji haushi. Aikina na bana wani tsibiri ne, jirgina na shawagi a sama, ina neman wanda ya faɗo ƙasa. Na karya nawa har uku, duk sai ka ga da gangan aka yi. Ba ka ba ni aron wannan ba?"

Genzo ya so ya kifa masa kwandon lemon a ka. Ya daɗe yana kallon fiffiken da ya karye, yana tuna tagar, da kuma shekarunsa da idonsa da ke ƙara dushewa. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Ɗauka, Okitsu."

Ƙungiya ta zauna, ta zaɓi aikin Okitsu ba tare da gardama ba. An ji tsoho Mochizuki na cewa, "Na saman ba laifi, amma ni wannan mushen na ƙasa shi ya tafi da ni." Okitsu kuwa yaro ne mai ladabi, abin da ya fi komai ɓata rai ke nan. A katin da ke gaban aikin, ƙarƙashin sunansa, ya sa an rubuta godiya ta musamman ga gwanar da ta tsufar da jirgin da ya faɗi, Hirabayashi Sumie. Tuni matan unguwa suka fara tare ta a kasuwar kifi suna yi mata barka, ita kuma tana rufe baki tana cewa ai ba wani abu ta yi ba. Wannan dai gaskiya ta faɗa.

Saboda haka ba za a kai marigayin wurin ibada a ƙone shi tare da tsofaffin 'yan tsana bisa al'adar garin ba, kamar yadda aka shirya da farko. Gawarsa za ta kasance a tagar shagon Mochizuki daga ranar da aka buɗe kasuwa har ƙarshen shekara, hanci a cikin laka, a ƙarƙashin inuwar jirgin Okitsu. Za a riƙa karɓar gaisuwa a tsallaken titi, wajen tsayawar bas, inda mai makoki zai riƙa tsayawa da yamma kamar mai jiran mota. Ba a buƙatar furanni ko turare. Sai dai idan wani mai wucewa ya tsaya, ya nuna na ƙasan ya tambaya na wane ne, ana roƙon duk wanda ke kusa ya ce na Genzo ne, ya kuma ɗaga murya yadda za a ji daga tsallake.