Yadda Ake Sayen Bombardino Da Arha A Hannun Matar Marigayi

Idan ka shiga gidan tsohuwa da niyyar cutar ta, ka fito ka tarar kai aka cuta, wa ya kamata ya nemi gafarar wani? Wata bakwai ke nan ina juya tambayar nan a shagona na gyaran takalma, ban samu amsa ba. Na tambayi limamin cocinmu, ya ce in dawo ranar Talata, Talata kuwa ba ya gari. Amma na samu abin da ya fi amsa amfani: hanyar da mabushi irinka zai rabu da ƙahon koyo, ya mallaki bombardino na azurfa, babban ƙahon busa wanda littattafai ke kira yufoniyam, a kuɗin da bai fi na tayar mota biyu ba. Bi matakan nan. Na yi maka alkawari duk ƙauye sai ya ji ka. Ni dai an ji ni.

Mataki na 1: Tsani ƙahon da ke hannunka

Shekara goma sha ɗaya ina busa na aro, wanda badujalar ƙauyenmu ke ba masu koyo. Maɓallinsa uku, na tsakiya sai an lallashe shi da man keken ɗinki. A bayan shago na koya wa kaina da shi, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Manta da wannan. Mai godiya ba ya ci gaba. Duk kuskuren da ka yi a shekarun nan, ɗora wa ƙaho.

Mataki na 2: Duba sababbi don ranka ya ɓaci

Nemi mai maɓalli huɗu, domin na huɗun ne ke gyara muryoyin ƙasa, kuma yana sa surukai su gaishe ka. Duba farashi. Matata Graciete ta leƙo fuskar wayata ta ce, "Amílcar, wannan kuɗin ƙaho ne ko na rufin ɗaki?"

Rufe wayar. Ka gama da sababbi.

Mataki na 3: Nemi gidan da aka yi rasuwa

Kada ka ji nauyi, ni ma na ji, kwana biyu ya wuce. A hawan tudun bayan coci akwai Dona Ermelinda, matar marigayi Firmino, wanda tsofaffi ke cewa in ya busa bombardino har karnuka shiru suke yi. Ƙahonsa na saman kabad ɗinta, naɗe da zanen gado. Lissafinka shi ne, mace mai shekara tamanin da huɗu ba ta san darajar abin da ke saman kabad ba.

Mataki na 4: Je ka kai kaɗai

Kowa zai ce ka tafi da wani mabushi, ku busa tare kafin ka biya. Kada ka kuskura. In ya ga kayan zai ƙara yuro goma a kan tayinka. Bi ta bayan gidaje kana waige-waige.

Danna maɓallai, huɗu ne cif, suna tashi kamar jiya aka shafa musu mai. Zaro bututun gefe, in ya ce "fof", ba ya yoyon iska. Busa. Ni da na busa sai da kofuna suka yi rawa a kan tebur. Ɓata fuska nan da nan, ka ce ya tsufa.

"Yuro ɗari biyu," in ji ni, ina kallon ƙasa.

"Ɗauka, ɗana," ta ce, ko ja ba ta yi ba. "Amma sharaɗi biyu. Wuta ba za ta taɓa shi ba, ba yanka, ba liƙi. Sannan ranar bikin Waliyyiya Santa Eufémia, in jerin gwanon masu ɗauke da mutum-mutuminta ya iso ƙarƙashin tagata, ina so in ji shi."

Rantse da kabarin mahaifiyarka. Na rantse. A ranar kuma mayar da na aro da jawabi a gaban kowa, don a ba wani kafin ka yi nadama.

Mataki na 5: Kai shi wurin gwaji, ranar Alhamis

Goge shi sai ya kashe ido. Zauna. Mestre Belmiro, shugaban badujala, zai ɗaga sanda, mutum talatin da biyu su busa. Ba za a yi nisa ba.

"Tsaya! Wa ya shigo mini da jaki?" in ji Mestre.

Ya sa na busa ni kaɗai, zuma. Ya sa na busa da na kusa da ni, sai ka ce kyanwa biyu a buhu ɗaya.

"Mai takalma ya sayo fatalwa!" in ji mai ganga daga baya.

Mestre ya juya ƙahon, ya karanta tambarinsa, ya dafe kai. "Brilhante ne, kai. Na Firmino ne, ko ba shi ba ne?"

Ga abin da kowane tsoho ya sani, ni ban sani ba. A da, kayan busa na ƙauyukanmu muryarsu ta ɗara ta yanzu tashi sama da ɗan kaɗan, ita ake ce wa brilhante. Daga baya aka sauya kayan gaba ɗaya, aka sauko. Ƙahona bai sauko ba. Ko ka zaro bututunsa har ƙarshe, yana nan a sama yana kallon kowa.

"Kai wa maƙeri ya ƙara masa tsawon yatsa huɗu," in ji Mestre.

"Na rantse ba wuta, Mestre. A ƙarƙashin tagar Dona Ermelinda kawai, ku bar ni in busa ni ɗaya."

"Shekara ashirin da shida ina riƙe da sandar nan, ba wanda ya taɓa busa shi kaɗai a bayan Waliyyiya, ba kuma za a fara a kanka ba. Ka fitar da sauti ɗaya ranar biki, ka ajiye mini hula da rigar badujala."

Mataki na 6: Koma ka amsa laifinka

"Dona Ermelinda, na zo in faɗa miki na cuce ki. Na zaci ya fi abin da na biya sau biyar."

"Sai kuma?"

"Sai kuma ya zama ba ya shiga badujala."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. "Kai ne na huɗu, ɗana. Ukun farko da abokai suka zo, suka busa tare a nan, suka ajiye suka gudu. Da na hango ka kai kaɗai kana waige-waige, na ce yau Allah ya kawo mai saye." Ta turo mini faranti. "Ranar da aka sauya kaya Firmino ya daina fita, ya ce ba mai yanka masa murya. Shekara talatin da takwas ban ji shi a titi ba. Ci cuku."

Ci cukun. Ba ta karɓar kaya a mayar.

Mataki na 7: Ƙware a busa marar sauti

Kumbura kumatu. Motsa yatsu daidai da takarda. Ja numfashi inda kowa ke ja, ka sa jijiyar wuya ta tashi. Ranar biki na yi awa ɗaya da rabi ina haka a cikin rana, da azurfa mai nauyin ɗan rago a ƙirji. Mutum uku suka ce ban taɓa busa mai daɗi irin ta ranar ba. A bar wannan maganar.

Kafin na ƙarshe, in cire hannuna

Abin da ke tafe ba ni na sa ka ba. In an karɓe maka hula, in matarka ta daina zama kusa da kai a coci, in ka tarar gashin baki ya fito wa lamirinka, kada ka zo shagona sai da takalmi.

Mataki na 8: Hawan tudun bayan coci

Za ka hango Dona Ermelinda daga ƙasa. Kowace taga an rataya mata mayafin gado mai ado, nata ja ne, ita kuma tana bisansa da baƙaƙen kaya, ta dafa da hannu biyu, ta karkato kunne. Masu ɗauke da Waliyyiya za su rage sauri saboda tudu. Kana da taku ashirin ka zaɓa, hula ko rantsuwa.

Na ja iska ta gaske, na busa.

Wayyo! Tantabaru suka tashi daga kan rufi. Wani daga cikin masu ɗauke da Waliyyiya ya waigo har ta karkace. Mestre ya juyo yana tafiya da baya, fuskarsa kamar tumatir. Ya dube ni, ya bi bakin ƙahon da ido har sama, ya ga tagar. Dona Ermelinda ta rufe ido, leɓenta na bin waƙar.

Ya ƙara taku uku. Sai ya dunƙule hannu a iska, mutum talatin da ɗaya suka sauke ƙaho daga baki, mai ganga ya dafe fata. Ya nuno ni da sanda.

"Busa, ɗan banza," ya ce. "Busa, a hankali."